Abin da Ƙarfe Ya Haɗiye

Tankin gidan Choji ya faɗi daren Talata,
ba iska, ba hadari, ba wanda ya jingina.
Ƙafa ɗaya ce ta tsage daga gindin ɗinki,
shekara shida bayan Baba ya ƙona sandar walda a wurin.
Da asuba ya bar Farin Gada bai karya ba,
ya dawo da guntaye biyu a buhun siminti,
ya zube mini kan littattafai:
"Ke mai boko, tambaye su."

Wadda ta karye ta riga ta amayar da nata.
Wadda ta tsira na ɗauka.

A ɗakin gwaji na goge fuskarta har ta kama haske,
na manna mata 'yar takardar awo mai ido uku,
ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba,
wayoyinta sirara kamar gemun masara.
Sai huda. Rami ɗaya, ƙwayar dawa ta fi shi.
Ƙarfe ba ya magana sai an rage masa nama.
Da bakin injin ya nutse, lambobi suka zabura a allo,
gefen ramin ya sauke numfashin da ya daɗe yana riƙo,
motsin da ko tururuwa ba za ta ji a ƙafarta ba.

Ga yadda abin yake, Baba.
Inda wuta ta bi, ƙarfe ya so ya miƙe,
na gefe mai sanyi ya hana.
Da ya huce ya so ya tsuke, aka sake hana shi.
Sai suka zauna a haka,
wannan na ja, wancan na tokarewa,
a waje kuwa sumul, har da koren fenti.

Kwamfutar Dakta Dalyop ta yanka mahaɗin gida dubu arba'in,
ta kwana tana lissafi,
ta shafa ja a kan ɗinki, shuɗi can nesa,
ta faɗi adadinta.
Nawa awon ya zarce nata.
Na sake hudawa. Ya zarce dai.
Dakta ya cire tabarau ya ce akwai abin da ba mu gaya mata ba.

Baba ya daɗe yana juya guntun a tafinsa,
tafin da tartsatsi ya yi wa zane.
"Ƙa'idata ita ce in ɗumama kafin in ɗinka,
in bi ɗinkin da guduma tun yana ja,
in lulluɓe da yashi ya huce a son ransa.
Ranar ban yi ba.
Ina ƙafa ta uku aka ce gari ba lafiya,
shaguna na rufewa, an sa dokar hana fita.
Na gama a tsaitsaye, na sheƙa masa ruwan bokiti,
ya yi kuka, na ji, na toshe kunne.
Choji ya rako ni har bakin gada,
ya riƙe mini akwatin aiki, bai ce komai ba."

Babu gurbin wannan a takardar sakamako.
Na rubuta: sanyaya cikin gaggawa.

Jiya na bi su.
Sanyin Jos na cizon yatsu, Baba bai kula ba,
yana yawo da harshen wuta a jikin sabon ƙarfe
kamar mai lallashin jariri.
Ɗinki kaɗan, guduma, ɗinki kaɗan.
Matar Choji ta kawo gwate, ya huce a kwano,
su biyun na tsugune gaban tulin yashi
har aka kira magariba daga wancan tsallaken.
Na duba agogo sau uku.
Ba wanda ya tashi.